Farin Taki daga Kwatamin Holan

Mutumin da ya fara yi mini Hausa a ƙasar Holan shi ne ya fara cutata. Ina tsaye a bakin tashar jirgin ƙasa, akwatina a tsakanin ƙafafuna, sanyi yana ratsa wandona kamar an sheƙa mini ruwan randa, sai ga wani ya nufo ni da hula zanna da murmushi har kunne.

"Maraba da mutan Kazaure! Ya hanya? Ya ka baro su?"

Wallahi sai da ƙwalla ta taru a idona. Malam Garba sunansa, ko in ce sunan da ya ba ni ke nan. Wani abokin karatuna ne ya haɗa mu ta waya tun ina gida, a kan zai kama mini ɗaki kusa da wurin aiki, kuma duk abin da ya ce in turo na riga na tura. Da kansa ya ɗaukar mini akwati, ya saya mini shayi, ya yi ta tambayata ko har yanzu ana samun kifi a dam ɗin Kazaure. Ya kai ni wani ɗaki a saman shagon kekuna, ya damƙa mini makulli, ya ce in huta, gobe zai zagayo.

Wadda ta zagayo washegari wata tsohuwar Baturiya ce, mai gidan. Ta buɗe ƙofa da nata makullin ta same ni a kan darduma, ta tsorata, na tsorata. Ashe ɗakin saukar baƙi ne, kuma kwanan da na yi shi kaɗai Malam Garba ya biya. Na kira lambarsa har yatsana ya gaji, har yau ɗin nan ba ta shiga ba. Abin da ya tafi da shi bai ƙona mini rai kamar tambayar kifin nan ba. Mutum ya dubi idonka ya tambaye ka kifin garinku, alhali ya san gobe a titi za ka kwana! Har yanzu in na tuna sai na yi tsaki.

Sunana Auwalu. Gidanmu yana wani ɗan ƙauye tsakanin Gwiwa da Roni. Ruga ce a da, kakanninmu suka gaji da yawo suka zauna. Muna da 'yan shanu, muna noman gero da gyaɗa. Na yi karatun harkar ruwa a Kazaure, na ƙarasa a Kano, sai Allah ya kawo wani shiri da ya ɗauki wasunmu horon shekara guda a ma'aikatun tace ruwan datti na Turai. Ni ɗan fari ne, kuma wanda ya san gidan Fulani ya san abin da hakan yake nufi. Baba ba ya kiran sunana, ba ya haɗa ido da ni. In magana ta kama sai ya faɗa wa ƙaninsa, Baffa Sule, ko da kuwa ina tsugune a gabansa. Ta bakin Baffa Sule ɗin ya ba ni izinin tafiya, da sharaɗi guda: ranar da ya ji abin da bai kwanta masa ba zai sa a kira ni, in kuwa an kira ni in taho, ko da gobe ne zan gama. Na ce to. Ita kuwa takardar shaidar horon sai wanda ya kai ƙarshe ake ba wa, kuma a kanta na ɗora duk burina. Saboda haka kullum wayata ta yi ƙara na ga lambar gida, sai gabana ya faɗi.

Da tsohuwar nan ta fitar da ni, cikin ladabi kuwa, har da riƙe mini ƙofa, ban san inda zan nufa ba sai masallaci. Na yi ta tambaya har aka nuna mini na mutanen Maroko, a ƙarƙashin wani bene. Na yi azahar, na yi la'asar, akwatina yana jingine a wurin takalma. Bayan la'asar wani gajeren dattijo baƙi mai farin gemu ya tsaya a kaina, ya dubi akwatin, ya dubi hulata.

"Kai Bahaushe ne?"

Na ce a raina, to, ga na biyu ya iso. Na amsa masa a daƙile.

"Ni Alhaji Musa, daga zangon Kumasi. Tashi mu je gida, matana ya dafa shinkafa."

Hausar mutan Gana ke nan, mace da namiji duk "ya" ne a wurinsu. Da a gida ne da na yi dariya. Na ce masa na gode, wani nake jira.

"Wanda kake jira ba zai zo ba," in ji shi. "Ni ma na jira irinsa a masallacin nan, tun kana goye."

Ya sunkuya ya ɗauki akwatin ya yi gaba. Na bi shi ina ƙunƙuni, hannuna a kan aljihun da fasfona yake. Allah sarki, bawan Allah! A gidansa na zauna har na bar ƙasar, a ɗakin ɗansa da ya yi aure ya tashi. Shi ne kuma ya ba ni tsohon keken da na riƙa zuwa aiki da shi.

Ma'aikatar tana bayan gari. Na san ruwan datti zan tarar, ai karatuna ke nan. Amma karantawa daban, tsayawa a kan gadar ƙarfe kana kallon duk abin da mutanen birni guda suka ci suka fitar yana malala a ƙarƙashin ƙafarka daban. Ranar farko ban iya cin abincin rana ba. Aka haɗa ni da wani dogon dattijo mai suna Henk, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Ba shi da yawan magana. In ka yi daidai ya gyaɗa kai, in ka yi kuskure ma ya gyaɗa kai, sai ka daɗe da shi kake gane bambancin.

Damuwata ta farko salla ce. Yaya zan yi da tufafin da najasa take fantsamar wa? Na yi ta juya maganar kafin na iya gaya masa. Ya saurare ni, ya ce in biyo shi. Ashe ɗakin canja kayansu gida biyu ne. Akwai ɓangaren datti, inda ake tuɓe kayan aiki da takalman roba, akwai ɓangaren tsabta, inda kayan gida suke, kuma ba ka ƙetarawa daga wannan zuwa wancan sai ta wurin wanka. Kai! Sai ka rantse malamin fiƙihu ne ya zana musu ginin. Henk ya janye wani benci a ɓangaren tsabta, ya ce, "Nan ya ishe ka?" Na ce har ya yi yawa. Bai sake tayar da maganar ba, amma duk sanda ya ga na dubi agogo da rana sai ya karɓi abin da ke hannuna.

Shi ne ya fara nuna mini abin da ya kawo ni. Ya ɗauko wani guntun bututu da aka yanke ya miƙo mini. Cikinsa ya toshe da wani farin abu mai tauri kamar kanwa, ramin da ya rage da ƙyar yatsa zai shiga.

"Wannan ne abokin gabata a da," in ji shi. "Da guduma muke fasa shi. Yanzu kuma shi muke nomawa."

Fosforas ne ya daskare a ciki, sinadarin nan da ke cikin takin sufa da muke zuba wa gyaɗa, yana cikin takin kamfa ma. Shuka ta zuƙe shi daga ƙasa, mutum ya ci shukar, abin da jiki bai riƙe ba ya fita ta fitsari da bayan gida. In aka saki ruwan haka a kogi sai ya yi kore shar, gansakuka ta rufe shi, kifi ya mutu. Shi kuwa na cikin buhun taki daga dutse ake haƙo shi, a ƙasashe 'yan kaɗan, kuma dutsen in ya ƙare ya ƙare. To su sai suka ce ba za su zubar da nasu ba. A manyan kwatamai ake hura wa ruwan iska, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su haɗiye sinadarin, su kwanta a ƙasa su zama laka. A tura lakar rufaffun tankuna masu ɗumi ta ruɓe. A nan sinadarin yake sake fitowa cikin ruwan lakar, in ba a tare shi ba ya toshe bututu. Sashenmu shi ne na tarewa. Wani dogon tanki ne mai siffar mazurari, ana zuba masa wani gishiri da ake kira magnesiyam, a hura iska, sai ƙwayoyi su fara haɗuwa, su yi nauyi, su faɗo ƙasa. A wanke su, a busar. Abin da yake fitowa fari ne kamar tsakin masara, kuma ko kusa da hanci ka kai shi ba ka jin komai.

Ranar da na fara buɗe bakin mazurarin nan da hannuna, farin abin ya zubo cikin bokiti, daɗi ya kama ni har na yi kabbara. Henk ya waiwayo ya gyaɗa kai. Amma kar wani ya ɗauka aikin duk fari ne. Famfo yakan toshe da gashi da tsummoki, sai an kwance shi an zaro su da hannu. Ni da Henk muke yi, shi ya riƙe wannan gefe ni wancan, kowa yana numfashi ta baki.

Kewar gida kuwa a hanya take kama ni. Tsakanin gari da ma'aikata fili ne shimfiɗaɗɗe, ciyawa kore har iyakar gani, da shanu. Amma wane irin shanu! Ba tozo, ba ƙaho, ba makiyayi, kowace da lamba a kunne kamar motar haya. Wata safiya na tsayar da keke na yi musu irin kiran da Baba yake yi wa namu in za a kora su rafi. Ɗaya ta ɗago kai ta dube ni, ta ci gaba da cin ciyawarta. Na ce, "Ke dai ba ki da tarbiyya." Na hau kekena ina dariya, kafin in kai ƙofar ma'aikata dariyar ta koma hawaye. Da hutun rana Henk ya ga ban taɓa burodina ba, ya turo mini wata madara mai tsami da yake sha kullum. Na kurɓa don kar in ƙi. Jama'a, nono! Nonon da aka cire wa mai, kamar daga ƙwaryar Inna. Na ce masa da da fura da yau na yi salla babba. Bai san fura ba, amma daga ranar kwali biyu yake zuwa da shi.

Bakina ne ya ja mini. Wata rana da gari ya yi haske, abin da ba kasafai ake samu ba, raina ya yi fari, na ce bari in nuna wa abokan karatuna inda nake. Na kafa waya a kan gadar kwatamin laka, ina sanye da takalman roba da safar hannu, riƙe da dogon ludayin da muke ɗibar ruwan gwaji. Na ce, "Jama'a, ga sarkin masan garin nan! Duk wanda ya tsuguna a birnin nan ni yake aiko wa!" Daga nan na shiga bayani tiryan-tiryan, har na nuna musu farin takin. Na tura zaurenmu na waya, aka yi dariya, aka yi mini fatan alheri. Ban san wane mara aikin yi ba ne ya yanke bayanin duka ya bar sarkin masai da ludayinsa.

Baffa Sule ranar kasuwar Gwiwa yake kirana, don a can yake cajin waya, a can kuma ake samun sabis. Mutum ne mai barkwanci, kullum da tambayar ko na samo masa Baturiya yake farawa. Ran nan sai ya yi ta gaisuwa, ya sanyi, ya aiki, ya mai masaukinka, ya sake komawa kan sanyi. Na san akwai magana.

"Auwalu, ana yawo da wani hotonka a waya. Har Babura an gani."

Na ce, "Baffa, Baba ya gani?"

"Ya gani. Malam Ilu dillali ne ya kai masa har gindin bishiyar da suke zama a kara, kasuwar shanu, a gaban mutane. Ya ce, Malam Buba, zo ka ga injiniyanku."

"Me ya ce?"

"A can bai ce komai ba. Da muka koma gida ya ce in gaya maka ka haɗa kayanka."

Na zauna a bakin gado na rasa inda zan sa kaina. Na zagi wanda ya yanke hoton, na zagi Malam Ilu, na dawo na zagi kaina, don ni na fi cancanta. Na haura rabin horon, saura kaɗan. Na roƙi Baffa ya nema mini alfarmar a jinkirta mini zuwa kasuwa mai zuwa, in yi masa bayani ya kai. Ya ce zai gwada, amma in san da sanin cewa magana ta riga ta fita.

Da na gaya wa Henk wataƙila in tafi, sai ya ajiye sifanar da ke hannunsa.

"Saboda me?"

"Mahaifina ya ce in koma."

"Ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Bai ji daɗin aikin ba ne."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ai kai ba yaro ba ne."

Na ce masa a wurinmu ko furfura ka yi, in uba ya ce taho, tahowa ake yi. Na ga abin bai shiga kansa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Shi kuwa Alhaji Musa, da na ba shi labari muna cin abinci, hannunsa ya cire daga kwano. Ya ce, "In ya sake cewa ka tafi, ka tafi. Nawa ya kira ni, na ce sai na gama abin da nake yi. Ko jana'iza ban samu ba." A ranar na sauko da akwatina daga saman kabad.

Ranar kasuwa ta zagayo. Henk ne ya ce in kira Baffa ta hoto, yana son ya gan shi. Ya ciko bokiti da farin takin ya kawo tsakar ma'aikata. Baffa ya fito a waya, rawaninsa a karkace, ana jin kukan awaki da ƙarar babura a bayansa. Henk ya cire safar hannu, ya tsoma hannunsa cikin bokitin har wuyan hannu, ya damƙo, ya shinshina, ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Subhanallahi!" in ji Baffa. "Wannan tsohon ba shi da 'ya'yan da za su hana shi ne?"

Na ce, "Baffa, ka tuna sanda manoman Roni suke zuwa har gida bayan girbi, suna roƙon Baba ya sauke garke a gonakinsu? Su kawo goro, su kawo damman gero, har rigima suke yi a kan wanda za a fara sauka wa."

"Na tuna mana. Ni nake kafa turaku."

"Me suke nema?"

"Kashin shanu, sai me?"

"To Baffa, birni ma garke ne, sai dai ba ya tashi. Ya cinye amfanin gonaki bai taɓa mayar musu da komai ba. Mu aikinmu mu tsamo rabon gonar mu mayar mata."

"A'a, dakata. Saniya daban, ɗan Adam daban, kar ka haɗa mini su." Ya gyara rawaninsa. "Ni fa har liman na tambaya. Ya ce shukar da ta sha najasa, abin da ta haifa mai tsarki ne. Babanka ma ya san haka. Ba wannan ne yake damunsa ba."

"To mene ne?"

"Oho. Ka san yayana, ba a ganin cikinsa. Bari in koma in gaya masa abin da na gani."

Ban yi tsammanin jin sa ba sai wata kasuwar, amma kafin magariba sai ga kira. Ashe kan tudun bayan gidanmu ya hau, inda sabis yake ɗan kamawa.

"Na same shi yana ɗaure maruƙa a dangwali," in ji shi. "Na gaya masa komai, har da garkenka. Bai kula garken ba. Ya ce in tambaye ka abu guda, kuma ka ji tsoron Allah ka faɗi gaskiya. Aikin nan, su masu ƙasar suna sa hannunsu, ko kuwa sun ga baƙo ne baƙar fata, suka tura shi inda su ba sa shiga?"

Ni duk zatona kunyar mutanen kasuwa ce ta dame shi. Ashe tsohon nan tun da ya ga hoton yake kwana yana tashi da tunanin an mayar da ɗansa bawa a ƙasar da ba shi da kowa. Na yi kuka sosai, ba na ɓoyewa.

Na ce, "Baffa, dattijon nan da ka gani, tun ba a haife ni ba yake aikin nan. In famfo ya toshe shi yake fara tura hannu kafin ni. Ni kaɗai ne baƙi a wurin, sauran duk 'yan ƙasa ne, har da mata. Wallahi ba wanda ya taɓa wulaƙanta ni."

"Ka rantse fa."

"Na rantse."

Na ji takunsa yana gangarawa, sabis ya yanke. Can ya sake hawowa ya kira ni yana haki. "Ya ce ka gama abin da ya kai ka." Iyakar saƙon ke nan.

Sauran watannin lafiya lau suka wuce. Na koyi aikin har ina iya tafiyar da mazurarin ni kaɗai, na karɓi takardata. Ranar sallama Henk ya kawo mini wani ɗan buhu na farin takin, ya kuma nema mini izinin da zan wuce da shi a filin jirgi. Ya ce, "Na mahaifinka ne." Ya miƙo hannu, ni kuwa na rungume shi, ya sandare kamar itace. Alhaji Musa ya raka ni har tasha, ya ce in na je in yi masa addu'a a gaban Baba, ya san ta mai uba ba ta faɗuwa.

Farkon damina na iso. Baffa Sule ya ɗauke ni a babur daga tashar Gwiwa, a hanya yake ba ni labarin abin da ya ɓoye mini. Maganar ba ta mutu ba. A kara suna suka laƙaba wa Baba, baban sarkin masai. A wani taron suna an zauna cin tuwo, ya sa hannu a akushi, wani ya zare nasa ya ce ya ƙoshi. Duk da haka ko kasuwa ɗaya bai fasa ba. Yana zuwa ya zauna a gindin bishiyarsa, a yi ta yi da shi, bai taɓa tanka wa kowa ba.

Na ce, "Baffa, juya babur ɗin nan! Gidan Malam Ilu za ka kai ni!"

"Zauna, kai da bakinka. Bai ishe ka ba?"

Na tarar da Baba a bakin garke. Na tsuguna na gaishe shi. Ya dubi shanunsa, ya tambayi Baffa ko an iso lafiya, Baffa ya ce lafiya ƙalau. Na ajiye ɗan buhun a gabansa, na ce wa Baffa saƙo ne daga dattijon da na yi aiki a ƙarƙashinsa. Na ƙara da cewa in an yarda zan gwada shi a ɗan filin bayan gida, inda ba mai gani, don surutu ya ishe mu haka. Baba ya sa ƙafa ya ɗan taɓa buhun.

Ruwan shuka ya sauka ana gobe kasuwa. Da safe ina shan fura sai na ji muryar Baba daga zaure yana ce wa Baffa, "Gaya masa ya ɗauko sungumi." Na fito na same shi da ƙwaryar iri a hannun hagu, buhun Henk a rataye a kafaɗa. Na nufi bayan gida, na ga shi ya miƙe gaba. Muka bi shi, ni da Baffa, har gonarsa ta bakin titin Gwiwa, wadda duk mai zuwa kasuwa daga ɓangarenmu sai ya bi ta gefenta. Ya tsaya a kunyar farko, dab da hanya.

Na fara sara rami, yana biye da ni. Ya jefa iri, ya tsoma hannunsa na dama cikin buhun, ya tsunkuro farin takin ya jefa, ya rufe da diddige. Mutane suna ta wucewa a kan kekuna da babura, wasu da awaki a gaba. Kowa ya zo sai ya rage gudu. Ba mu kai ƙarshen kunyar ba sai ga Malam Ilu a bayan wani ɗan acaɓa. Ya sa aka tsaya.

"Malam Buba, barka da ruwa! Me ake zubawa haka fari fat?"

Baba ya miƙe tsaye. Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba.

"Tsarabar Holan ce. Abin da yaron nan yake kwasowa ke nan."

Ya tako har bakin titi, farin takin yana manne a tafinsa, ya miƙa masa hannu. Masu kekuna suka tsaya. Malam Ilu ya dubi hannun, ya dubi mutane, ya sake duban hannun. Ya sauko daga kan babur ɗin ya karɓa da hannu biyu.

Ni dai na sunkuyar da kai na ci gaba da sara, idona ya cika har ba na ganin inda sungumin yake sauka. A rayuwata ban taɓa son wani mutum kamar yadda na so tsohon nan a wannan safiyar ba, kuma ba ni da bakin gaya masa. Ya dawo ya ɗauki ƙwaryarsa, ya dubi layin da na sara, ya juya wajen Baffa Sule.

"Gaya masa ramukan sun yi kusa da juna."

Na ƙara tazara, muka ci gaba da shuka.